Littafin Adashen Inna da Kalmomi 650

Duk wanda ya yi sakandare a ƙasar nan ya san hanyar shiga jami'a: ka sami kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, ka zauna JAMB ka ga abin da Allah ya ba ka cikin maki 400, sannan ka jira tantancewar makarantar da ka zaɓa. Babu inda ake tambayar ka ko kai wane ne, ko me kake yi idan ka koma gida. Da wannan sanin na gama makaranta a Daura a 2023, na cike Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina, na zauna jiran sakamako kamar sauran 'yan ajinmu.

Malamarmu ta Turanci ce ta ɗauko maganar Amurka. Da ta ga sakamakona ta aiko a kira ni gidanta, ta ce, "'Yata, ki riƙe na Katsina da kyau, amma ki jarraba wannan ma. Ba a biyan kuɗi don an tambaya." Ta nuna mini wani shafi da ake kira Common App, wanda jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar takardun neman gurbi ta cikinsa. Ana buɗe shi ranar 1 ga Agusta kowace shekara, kuma mutum na iya aika wa makarantu har 20 da fom ɗaya. Kuɗin karatu a manyan makarantunsu masu zaman kansu, idan aka haɗa da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000 a shekara, a daidai lokacin da dala ɗaya ta wuce naira 1,000 a kasuwar bayan fage. Gidanmu ko lissafin ba za mu fara ba. Sai dai akwai makarantun da ke ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya idan sun karɓe shi kuma sun tabbatar iyayensa ba su da hali, kuma wanda ba zai iya biyan kuɗin fom ba yana iya neman a yafe masa. Tun bayan annobar korona ta 2020 makarantu da yawa a lokacin sun daina tilasta SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, wannan ya rage mini tafiya da kashe kuɗi. Abin da ya rage shi ne sakamako, da wasiƙun shaida daga malamai, da maƙalar bayanin kai.

Maƙalar ce ta cinye mini damina har kaka ta shigo. Ƙa'idarta gajera ce: kada ta gaza kalma 250, kada ta wuce 650. Sun ba da tambayoyi bakwai a zaɓi ɗaya. Akwai wadda ke tambayar asalinka ko wata baiwa da kake ganin ba a san ka ba sai an san ta, akwai ta wata wahala da ka fuskanta da abin da ka koya, akwai ta ranar da ka tuhumi wani ra'ayi da kake riƙe da shi, ta ƙarshe kuma ta ce ka rubuta abin da ka ga dama. Ni kuwa insha'in da na sani shi ne na WAEC, mai kalma 450: wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan matsalar ruwa, ko muhawara, ko ƙirƙirarren labari da zai ƙare da wani karin magana. A can ana duba nahawu da tsari, kuma ko ƙarya ka shirya babu ruwan mai maki. A nan kuwa wani mutum da bai taɓa jin sunan Daura ba zai karanta cikin 'yan mintoci, tsakanin ɗaruruwan takardu, yana neman ya ji ko akwai mutum a bayan rubutun.

Abin da ya fi ba ni wuya ba Turanci ba ne. Mu an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Idan baƙi suka yabi girkina, kaina nake sunkuyarwa in bar wurin. Da na zo ta ɗaya a aji, Inna ba ta faɗa wa maƙwabta ba, sadaka ta bayar ta yi shiru, saboda baki. Har yau ina ganin wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na kuma so a raba ni da ita. To ga shi an ce in cika shafi guda da "ni, ni, ni", in miƙa wa baƙo.

Sai na ɓuya a bayan gari. Rubutuna na farko kan rijiyar Kusugu ne: macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, zuwan Bayajidda, sarauniya Daurama, Hausa Bakwai. Na zuba tarihi iya sanina, a ƙarshe na ce ni ma ina so in zama mai buɗe wa al'ummata rijiyar ilimi. Malama ta karanta a wayata, ta miƙo mini ta ce, "Wannan duk ɗan Daura zai iya sa sunansa a ƙasa. Ina ke?" Tun daga ranar nake auna kowace jimla da wannan ma'auni: idan 'yar ajinmu za ta iya ɗauka ta sa a tata maƙalar ba tare da ta yi ƙarya ba, to ba tawa ba ce.

A lokacin na shiga wani zauren WhatsApp na masu neman karatu a waje, yawancinsu daga Kano da Kaduna da Abuja. An ƙaru sosai a ciki, a nan na fara jin labarin EducationUSA, ofishin ba da shawara kan karatu a Amurka da ke da cibiyoyi a Abuja da Legas. Amma a nan ne kuma wani da ke kiran kansa mai ba da shawara ya biyo ni ta gefe. Da ya ji daga jihar Katsina nake, sai ya ce ai na huta, labarina a shirye yake. In rubuta 'yan bindiga, in rubuta yadda na yi karatu cikin ƙarar harbi, in ƙara da cewa an so a yi mini auren wuri na tsere. Ya ce abin da Turawa ke son ji ke nan daga yarinyar Arewa.

Na daɗe ina juya maganarsa, don ba zan ce ba ta ja ni ba. Kowa a jiharmu ya san abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai maza sama da 300 daga makarantar kimiyya, kuma mu ma rufe makarantun da ya biyo baya ya shafe mu. Amma tsakanin zama gida na ɗan lokaci da kwana a daji akwai nisa. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari sun binne 'yan uwansu, sun bar gonakinsu. Ni a Daura ban taɓa kwana da takalmi a ƙafa don shirin gudu ba. Idan na ari hawayensu na sayi gurbin karatu da shi, me zan ce musu ranar da za a tsaya gaban Allah? Batun aure kuwa ƙazafi ne ga Baba, mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa a firamare, wanda da kuɗin fanshonsa ya biya mini jarrabawa. Wanda abin ya same shi da gaske yana da haƙƙin ya rubuta, kuma ya kamata a saurare shi. Ni bai same ni ba.

Mutumin ya kuma yi tayin ya rubuta mini gaba ɗaya idan na biya. Wasu a zauren kuma ChatGPT suke ba aikin. Na ga irin abin da yake fitarwa: Turanci sumul, amma ka karanta guda uku ka rasa ta wane ce ta wane. Ban da haka, kafin ka aika fom sai ka tabbatar da cewa duk abin da ke ciki aikinka ne kuma gaskiya ne, kuma dokar Common App ta ɗauki miƙa rubutun wani ko na na'ura a matsayin zamba. Makaranta na iya janye gurbin da ta bayar idan ta gano. Ko da ba za a gano ba, ban ga yadda zan fara karatun shekara huɗu da rantsuwar ƙarya ba.

Labarin da na rubuta a ƙarshe ya fito ne daga inda ban zata ba. A cikin fom ɗin akwai wurin lissafa ayyukan da ɗalibi ke yi ban da karatu, har guda goma, kowanne a bayyana shi cikin harafi 150. 'Yan manyan makarantu na da ƙungiyar muhawara da wasanni da gasa iri-iri. Ni ina da Islamiyya da ƙungiyar kimiyya, sai na tsaya. Wata yaya 'yar Zariya da ke karatu a Amurka, wadda ke duba wa ƙanne rubutu kyauta, ta ce in duba jerin da kyau, akwai gurbin hidimar gida. Ta tambaye ni abin da nake yi daga la'asar zuwa magariba. Na ce ba komai, ina dai rubuta wa Inna adashe. Ta ce tun yaushe? Na ce tun ina aji shida na firamare. Mata nawa? Kuɗi nawa ke bi ta hannuna? Wa ke warware rigima idan lissafi ya saɓa? Ina amsawa tana ƙara tambaya, har ta ce, "Ƙanwata, kin daɗe kina riƙe da banki a ɗakinku, kina ce mini ba komai?"

Inna uwar adashe ce a unguwarmu. Matan da ke zubi wurinta masu sana'ar cikin gida ne: mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai fura, mai ɗinkin hula, mai awara, mai kitso. Yawancinsu ba sa fita, yara suke aikowa da kuɗin a ƙulle a leda ko a bakin zane. Kowace Juma'a ake zubi, mace ɗaya ta kwashe, a haka har a zagayo. Babu takardar yarjejeniya, babu jingina, babu ruwa a kan kuɗin. Inna ta yi karatun allo, tana kuma riƙe lissafi a ka fiye da yadda nake yi da biro, amma da mata suka ƙaru sai ta sa na fara rubutawa a littafin makaranta mai layi: suna, rana, abin da aka kawo, wadda ta kwasa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin abin faɗa ba. Aiki ne irin wanke-wanke da shara.

Yayar ta ce adashe kawai ba labari ba ne, sai in nemo ranar da wani abu ya motsa a kaina. Ranar kuwa ba ta da nisa. A farkon 2023 ne canjin kuɗi ya kankama, aka ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Tsabar kuɗi ta ɓace a gari. Masu POS na cajin abin da suka ga dama, layin banki tun asuba. Matan Inna kuwa galibinsu ba su da asusu, cinikinsu na naira hamsin ne da ɗari. Mai fura ta dama, babu mai kuɗin saye. Zubi ya fara tsinkewa, kuma kwasar da ke tafe ta wata baiwar Allah ce da ta sa ranar bikin 'yarta, kafinta na jiran cikon kuɗin gado da kujeru.

Ni na kawo shawarar a karɓi zubi ta tiransifa. Mazan wasu da 'ya'yansu na da asusu, sai su tura cikin na Yayana, in ga alat ya shigo in rubuta, mu kuma mu tura wa kafinta kai tsaye ba tare da kuɗin sun taɓa hannun kowa ba. Na ƙara layi biyu a littafin, ɗaya na wanda ya turo a madadin wa, ɗaya na ranar da kuɗin suka shigo da gaske, don a lokacin sai a tura yau su iso jibi. Hakan ya yi aiki, an kai amarya da kayanta.

Amma ba wannan ne zuciyar maƙalar ba. Da na zauna daidaita littafin, sai na ga akwai mace ɗaya da aka yi ta rubuta mata "ta kawo" makonni a jere, alhali ban ga ɗanta ya shigo gidanmu ba. Inna ce ke cewa in rubuta. Na same ta a ɗaki na ce, "Inna, lissafin nan bai hau ba. Kuma ni a ganina duk wadda ta yi latti a mayar da ita ƙarshen layi, shi ne adalci ga masu kawowa a kan lokaci." Ta ce in rufe ƙofa. Ta faɗa mini cewa ita ke zuba wa matar daga kuɗin man gyaɗarta tun da mijin ya kwanta ciwo, kuma matar na biyan ta kaɗan-kaɗan idan ta samu. Ta ce, "Littafinki ya san wadda ta kawo, bai san dalilin wadda ba ta kawo ba. Idan na mayar da ita baya, duk unguwa ta san halin da gidanta ke ciki. Kuɗi za su dawo, mutunci fa?" Na ce to idan ba ta biya ba? Ta ce ta san matar tun kafin a haife ni, ta san wadda za ta biya.

Wannan hira ce ta sa nake son karanta tattalin arziki. Banki na neman jingina saboda bai san mutum ba. Inna ba ta neman komai saboda ta san kowa, amma saninta bai wuce unguwa ɗaya ba, kuma ranar da hasara ta zo ita kaɗai za ta ɗauka. Tambayar da ta tsaya mini ita ce yadda za a faɗaɗa irin wannan amana ta kai ga mata dubu ba tare da an tona asirin kowa ba. Ban san amsar ba, a maƙalar ma haka na rubuta, cewa tambaya nake ɗauke da ita zuwa jami'a.

Kafin in rubuta kalma ɗaya sai da na nemi izini, don labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Na sami Inna da daddare tana ɓarar gyaɗa, na yi mata bayani. Ta ce, "Wa zai karanta?" Na ce malaman makarantar ne, a can Amurka. Ta ce, "Su ba su da baki?" Na ce ba su san kowa a nan ba. Ta ce duniyar yanzu babu nisa, abin da aka rubuta ya riga ya fita daga hannun mai shi. Muka yi yarjejeniya: babu suna, babu sana'ar matar, babu yawan 'ya'yanta, babu abin da zai sa ko 'yar unguwa ta gane ta. Adadin kuɗin zubi ma ta ce in cire. Na ji zafin wannan, don yayar ta ce lambobi na ƙara wa rubutu ƙarfi, amma na cire. A nan ma abin da ta amince in faɗa kawai na faɗa. Ina ganin masu koyar da irin wannan rubutu ba sa ba wannan batu haƙƙinsa. Kullum cewa suke ka buɗe cikinka, ka faɗi abin da ya fi taɓa ka. Ba sa tuna cewa a gidajenmu babu labarin da mutum ɗaya ya mallaka. Ciwon mahaifi, bashin uwa, mutuwar auren yaya, duk akwai masu su, kuma suna da rai.

Rubutun kansa da baki na fara shi. Duk lokacin da na buɗe shafi don in rubuta da Turanci, sai muryar insha'in makaranta ta dawo, da manyan kalmomi da dogayen gabatarwa. Sai na kunna rikoda a waya na ba ƙanwata labarin da Hausa, yadda zan ba ta shi a kan tabarma. Da na saurara na ji inda na yi sauri, na ji inda muryata ta canza, na gane nan ne abin yake. Daga nan na mayar da shi Turanci mai sauƙi, jimla gajeru, irin wanda nake iya faɗa da bakina idan an tsare ni da tambaya. A waya na buga shi duka, a Google Docs, don Malama da yayar su riƙa gani suna sa gyara a gefe. Idan an ɗauke wuta in kai caji shago, in ci gaba a takarda.

Abin da na fara samu ya kusa ninka iyakar da aka ba ni. Yankewa ta fi rubutawa wuya. Bayanin canjin kuɗi da ya ci sakin layi biyu ya koma jimla biyu, don mai karatu ba tarihin naira ya zo nema ba. Bayanin yadda adashe ke tafiya ya koma jimla ɗaya. Bikin da kafinta da kayan ɗaki, waɗanda na fi jin daɗin rubutawa, suka ragu zuwa layi uku. Sai yayar ta sake karantawa ta ce, "Yanzu na san Innarki, har ina son ta. Amma ba ita za su ɗauka ba." Gaskiya ta faɗa. Na bar rijiya na koma na ɓuya a bayan Inna. Dole na dawo da kaina cikin labarin: ni na lura lissafi bai hau ba, ni na ja layukan nan biyu, ni na yi gardama, ni na kwana ina tunanin ko adalci da rufin asiri za su iya zama a littafi ɗaya. A nan na sami sauƙin abin da ya dame ni tun farko. Ban rubuta cewa ni haziƙa ce ko mai amana ko shugaba ba. Na faɗi abin da na yi da abin da na yi tunani, na bar mai karatu ya yanke hukuncinsa. Wannan ba yabon kai ba ne, shaida ce, kuma ko a gaban alƙali ana tambayar mutum abin da ya gani da abin da ya aikata.

Wani haɗarin kuma yawan hannu ne. Da labari ya bazu a dangi cewa ina neman karatu a waje, kowa ya so ya taimaka. Kawuna da ke aiki a Katsina ya karɓa ya mayar mini da shi cike da kalmomin da sai na duba ƙamus. Wani malami ya ce in buɗe da maganar wani shahararren mutum. Na yi musu godiya, kuma har zuciyata, don ƙauna ce ta sa su. Amma na koma kan nawa. Na tsayar da masu gyara biyu kawai, Malama ta duba nahawu, yayar ta duba ko labarin na tafiya, kuma dukansu ba su taɓa rubuta mini jimla ba. Tambaya suke yi, ni in nemo amsa.

Baba ne na ƙarshe da ya karanta. Tun farko bai hana ba, bai kuma nuna murna ba; 'ya mace, ƙasa mai nisa, ga maganar mutane. Na kai masa a takarda bayan sallar isha'i, ya sa tabarau ya karanta a hankali da yatsa a kan layi, irin na tsohon malami. Ya gyara mini waƙafi ɗaya. Sannan ya ce, "Ashe haka uwarki ke yi?" Shi ma bai sani ba. Ya ce in aika, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, kuma idan an samu sai a zauna da kawunnaina a yi shawara.

Babbar maƙalar ba ita ce ƙarshe ba. Makarantu da dama na da nasu ƙananan tambayoyin, wasu kalma 100, wasu 250, yawanci kan dalilin da ya sa ka zaɓe su ko fannin da kake so. Waɗannan bincike suke so: in shiga shafin makaranta, in duba darussan sashen tattalin arziki, in nemo wanda ya shafi ƙananan basussuka ko ci gaban karkara, in faɗi abin da ya haɗa shi da tambayata. Ga kuma fom ɗin CSS Profile na neman tallafi, inda aka buƙaci kuɗin shigar gidanmu na shekara, abin da sai da ni da Baba muka zauna da takardun fansho, Inna kuma ta kiyasta ribar man gyaɗa. Jarrabawar Turanci ta Duolingo na yi, don ana yin ta a kwamfuta ba sai an je wata cibiya ba, kuma ta fi takwararta TOEFL araha. Na ari kwamfutar Malama na yi a ɗakinta.

Wa'adin masu nema da wuri 1 ga Nuwamba ne a yawancin makarantu, na sauran kuma farkon Janairu. Ban yarda na kai daren ƙarshe ba saboda halin sabis ɗinmu. Bayan na liƙa maƙalar a akwatinta na sake karanta ta daga sama har ƙasa, don wani lokaci sakin layi na haɗewa, na ga ƙidayar ta tsaya ƙasa da 650, na yi bismilla na aika.

Amsoshi suka riƙa zuwa a watan Maris na 2024. Yawancinsu haƙuri aka ba ni. Wata makaranta ta karɓe ni amma tallafin bai kai rabin kuɗin ba, wanda a wurinmu daidai yake da a'a. Wata ƙaramar kwaleji ce ta ba ni gurbi da tallafin da ya ɗauki karatu da ɗaki da abinci, kuma a ƙasan wasiƙar ma'aikaciyar da ta karanta takarduna ta ƙara layi guda tana gaida Inna. Kawunnai suka zauna, aka yi ta ja, aka amince da sharaɗin in riƙa zuwa gida duk lokacin da hali ya yi. Na amsa wa makarantar kafin 1 ga Mayu, suka aiko da takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, dangi suka haɗa dala 350 na SEVIS, rajistar ɗalibai baƙi ta gwamnatin Amurka, da 185 na biza, Yayana ya raka ni Abuja ganawar neman biza. Littafin adashe na miƙa wa ƙanwata, na koya mata layin tiransifa, don har yanzu rabin matan ta waya suke zubi.